Kawuna da Diyyar Gonakinmu

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsin wata Talata a ɗakinsa da ke Hayyin Ashir, nan Alƙahira, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba.

Kafin azahar layinmu ya cika maƙil. Matan da ke toya kisra, wainar mutanen Sudan, a shagon jama'a suka kashe wuta, suka fito da gari a hannuwansu, ko wankewa ba su tsaya yi ba. Bamasaren da ke kawo musu tukunyar gas ya jingine kekensa, ya zauna a bakin titi ya rufe fuska da hannu yana kuka sai ka ce mahaifinsa ne ya rasu. Ɗaliban da suka zo karatu daga Kano da Sakkwato, waɗanda Kawu ya sha gyara wa riguna bai karɓi komai ba, suka zo a jere suka zauna suna karatun Alƙur'ani. Wata tsohuwa da ƙafa ta daina ɗaukarta ta sa aka sauko da ita daga bene a kan kujera, ta ce ba za a fita da shi ba sai ta ga makararsa da idonta.

Ni kuwa aka zaunar da ni a kujerar farko. Kawu bai bar ɗa namiji ba, 'ya'ya mata uku gare shi, ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma a hannunsa na tashi. Duk wanda ya zo sai ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri, kai ne ɗansa." In ce na gode. Wasu da zuciya ɗaya suke faɗa. Wasu kuwa, waɗanda suka daɗe a unguwar, suna faɗa suna kallon wani wuri. Na san dalili, su ma sun san na sani. Ban taɓa zama a wurin da ya ƙona ni kamar kujerar nan ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. Sai dai ba zan iya ba da labarinsa ba tare da na faɗi laifina ba, don a haɗe suke.

Mu Hausawan Sudan ne. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. A can aka haifi Kawu, a can aka haife ni. Ya zo Masar tun yana da sauran ƙarfinsa, da kan keken ɗinki a cikin buhu. Da mahaifina ya rasu, shi ya aika aka kawo ni da mahaifiyata, ya raba falonsa biyu da labule ya ba mu rabi.

Shagon ɗinkinsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. Kullum da allura a gefen bakinsa, da ita yake magana, da ita yake dariya, ban taɓa ganin ta faɗi ba. Ba ya shan sukari, amma ba ka raba aljihunsa da ƙullin sukari saboda baƙi. Kuma ba ya saurin amsa magana. Idan ka kawo masa shawara, ko ta sayen takalmi ce, sai ya saurare ka har ka gama, ya ja zare, sannan ya ce, "To, bayan nan fa?" Ka ba shi amsa, ya sake cewa, "Bayan nan fa?" Muna samari mun tsani tambayar nan. Mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa.

Duk baƙon da ya sauka daga garinmu, gidansa ake nuna masa. Wata rana matarsa, wadda muke kira Hajja, ta fito da safe ta tarar da mutum huɗu kwance a falo, ba ta da inda za ta taka zuwa kicin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Malam, wai nan gida ne ko tasha?"

"Tasha ce, Hajja," in ji shi. "Duk Masar ɗin ma tasha ce. Ma'alish, yi haƙuri, ɗora mana shayi."

Ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba, amma shayin ta ɗora.

Maganar diyya ta zo ne bayan wani kamfanin noma ya karɓe gonakin garinmu na bakin kogi. An yi shekaru ana kai ruwa rana kafin a yarda a biya. Waɗanda ke gida suka karɓi nasu. Rabon gidajen da ke nan Alƙahira kuwa aka haɗa shi wuri ɗaya aka turo wa Kawu, don shi ne babba, kuma shi kowa ya yarda da shi.

Aka taru bayan sallar Juma'a a ɗakin da muke haya muna salla. Kowa ya zo da abin da zai yi da rabonsa a kai. Kawu ya bari aka gama surutu, sannan ya ce:

"Jama'a, wannan ba kyauta ba ce aka yi mana. Gona ce aka mayar takarda. Gonar nan kakanninmu sun ci, iyayenmu sun ci, mun ci, kuma ba wanda ya cinye ta. In muka raba yau, kafin shekara ta zagayo ba gona ba kuɗi. Waɗanda ba a haifa ba tukuna, me za mu ce musu mun yi da rabonsu?"

Shawararsa ita ce a cire wani abu a ba masu larura ta gaggawa, sauran kuma a kama shago a ƙasan bene, a sayi injin niƙa, a riƙa niƙa dawa ana toya kisra, wainar nan mai faɗi da laushi da duk mutumin Sudan ba ya rabuwa da ita. Matanmu su samu aiki da albashi. Ribar kuma a riƙa sabunta wa mutane iƙama, wato takardar izinin zama, a biya wa yara makaranta, a kai marar lafiya asibiti, a yi wa mamaci sutura. An yi musu har la'asar. Daga ƙarshe mafi yawa suka yarda, wasu da murna, wasu don kunyarsa. Ni ban ɗaga hannu ba.

Bayan kwana biyu na same shi a shago. Na ce ina son rabon gidanmu, zan sayi tuktuk, babur ɗin nan mai ƙafa uku, in riƙa haya.

"To, bayan nan fa?"

"In tara in yi aure."

Ya cire allurar daga bakinsa, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ɗana, ba tuktuk za ka saya ba. Na san da wa kake zama a gidan shayi. Teku za ka bi."

Gaskiya ya faɗa. Ni da abokaina biyu mun riga mun yi magana da wani mai tsallakar da mutane zuwa Turai ta Libiya. Na ce ko ma me zan yi ai haƙƙina ne. Ya ce haƙƙina ne da na 'ya'yana, kuma jama'a ta riga ta yanke, ba shi da ikon ware wa ɗan ƙanwarsa abin da ya hana wasu. Ya ce in zo in riƙe injin, za a biya ni kamar kowa. Na ce ban zo Masar don in yi wanka da gari ba. Na kwashe kayana na koma Giza, can hayin kogi, na kama aiki a wani shagon gyaran waya. Abokaina suka samo kuɗi a wani wuri suka tafi. Ɗaya ya isa. Ɗayan har yau mahaifiyarsa ba ta san inda yake ba. Ko wannan bai sa na huce ba. A lokacin wanda ya isa kawai nake gani.

Shekarar farko shagon ya sha wuya. Injin ya lalace sau biyu, masu saye ba su saba ba, haya kuma ba ta jira. Mutane suka fara gunaguni. Ana cikin haka na ji cewa takardun shagon ba da sunan ɗayanmu aka yi su ba, da sunan mai benen ne, wani dattijo Bamasare. Dalilin a fili yake, baƙo irinmu yin irin waɗannan takardu da sunansa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ni ba dalili nake nema ba.

Wata rana da tsakar rana, a bayan shagon da nake aiki, na ɗauki waya na naɗi murya na tura zauren hira na waya da duk 'yan garinmu ke ciki. Na ce an sayar da gonarmu sau biyu, kamfani ya saya, yanzu kuma Kawu ya sayar wa Bamasare. Da na tsaya nan, da sai a ce rashin fahimta ne. Ban tsaya ba. Na ƙara da cewa na gan shi da idona yana shiga wani bene a Ma'adi, unguwar masu hali, kuma an tabbatar mini gida ya saya a can.

Na gan shi a Ma'adi, wannan gaskiya ne. Ya sauko daga metro, jirgin ƙasan cikin gari, da ƙatuwar jaka a kafaɗa. Amma na san abin da ke cikin jakar, don tun ina ƙarami nake ganin irinta. Labule ne. Yakan ɗinka wa Turawa da ma'aikatan ofisoshi labule, ya je ya ɗaura musu. Ya daɗe da barin aikin saboda ciwon baya, ya koma ne a shekarar nan. Daga baya na ji cewa da kuɗin labulen yake cike hayar shagon jama'a, bai gaya wa kowa ba. Wannan ban sani ba a lokacin. Amma cewa labule ne ba gida ba, na sani sarai sa'ad da nake magana.

Kafin magariba saƙon ya kai har Sudan.

Aka sake kiran taro. Na zo na zauna can baya kusa da takalma. Kawu ya shigo tare da mai benen da limaminmu, wani ɗalibi mai natsuwa daga Zariya. Liman ya karanta takardar da mai benen ya sa wa hannu tun ranar farko, cewa sunansa kawai ya ara, ba shi da ko ƙusa a shagon. Dattijon ya dafa ƙirji ya rantse. Sai wani ya ce, to gidan Ma'adi fa?

"Ba ni da gida a Ma'adi," in ji Kawu. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wani daga cikin manya ya fusata ya ce a kira mai muryar ya tashi ya kawo shaida, ai kowa ya gane shi. Kawunan mutane suka fara juyowa wajena.

Kawu ya ɗaga hannu. "Ba mai murya aka zo tuhuma ba, ni aka zo tuhuma. Ku bar shi." Ya sauke hannun. "Amma akwai gaskiya ɗaya a maganar. Bai kamata dukiyar jama'a ta zauna a hannun mutum ɗaya ba, ko waye shi. Wannan kuskurena ne. Ku zaɓi mutum biyar, biyu su kasance mata, don su ke tsaye a gaban wuta. Khalas, shi ke nan."

Ya ciro makullin shagon daga aljihu ya ajiye a gaban liman. Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. A nan ne ya kamata in miƙe. Ƙafafuna lafiya lau suke, bakina ma haka. Na zauna har aka shafa fatiha, na ɗauki takalmina na fice.

Takarda ta wanke shi a kan shago, amma ba takardar da za ta nuna cewa mutum ba shi da gida. Maganar ta zauna. Masu kawo masa ɗinki suka ragu. Mutanen da a da sukan tsallako titi su gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. In ya yi sabuwar riga, sai a kalli juna. Shi kuwa kowace safiya, kafin ya buɗe nasa shagon, sai ya biya ta shagon jama'a ya duba bel ɗin injin, ya ɗinke buhunan da suka yage, ya tambayi matan ko akwai abin da suke so. Ba shi da muƙami, ba a biyansa. Mutum biyar ɗin suka bi tsarin da ya shimfiɗa ba su canza komai ba, kuma a hankali abin ya kama ƙasa. Gidajen abinci na Sudaniyawa suka fara aiko da oda. Aka ƙara kasko, aka ɗauki wasu matan. Yaran da a da suke zaune a gida suka shiga makaranta. An daina zagayawa da hula ana neman kuɗin likkafani in an yi mutuwa.

Ni ma na ci. Bayan na yi aure, haihuwar farko ta zo wa matata da gardama, likita ya ce sai an yi aiki, a take. Ba ni da abin da zan bayar. Mahaifiyata ta kira ɗaya daga cikin matan kwamitin, kafin awa biyu an biya daga asusun jama'a. Ina zaune a barandar asibitin a Giza da rana tsaka, sai ga Kawu yana hawowa da ƙyar, yana dafa bango, da fulas ɗin shayi a hannu. Mikrobas biyu, ƙananan motocin haya, da metro ya hau kafin ya iso. Ya zauna kusa da ni, ya zuba mini, ya kwance ƙullin sukarinsa ya sa mini cokali biyu. Mun fi awa uku a wurin. Ya yi mini hirar tsadar dawa, da yadda ake kama kifi a garinmu in kogi ya ja baya. Sau uku ina buɗe baki, sau uku ina kurɓar shayi a maimakon magana. Da aka fito aka ce an samu mace, uwa da 'ya lafiya, shi ya fara yi mata addu'a. Ya ce, "Ka ga ɗaya daga cikin masu gonar ta iso."

Na yi dariya tare da shi.

Haka shekaru suka wuce. Ina zuwa gaishe shi da salla, ina kai masa yara, yana karɓata kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na riƙa gaya wa kaina cewa tunda bai tayar ba, tayarwa fama ciwo ne. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro nake ji, ba na fushinsa ba, na in ji abin da na yi ya fito daga bakina.

Ana saura kwana huɗu ya rasu na je duba shi. Na tarar da ɗakin cike, na jira har aka watse, Hajja ta shiga kicin. Muka rage mu biyu. Ya rame ƙwarai, amma idonsa na nan yadda na san shi. Ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, akwai magana ne?"

"Babu, Kawu. Gaisuwa ce kawai."

"To, madalla," in ji shi. "Gyara mini matashin nan."

Na gyara masa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar addu'ar uku, an gama rabon abinci, wani mutum da bai fi shekara biyu da zuwa Masar ba ya matso kusa da ni. Ba da mugunta ya yi ba, shawara yake ba ni. Ya rage murya ya ce, "In an zo rabon gado, ku lura da gidan nan na Ma'adi, kada Masarawa su cinye wa marayu." Ya ce tun a Sudan ya ji labarin gidan.

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutumin da ya rasu a ɗakin haya, a kan katifar da ta girmi 'yata, ga shi ana lissafa masa gida a rana ta uku da binne shi. Liman ya ɗaga hannu zai rufe addu'a, na miƙe na ce a dakata. Na ce ni ne na naɗi saƙon nan shekarun baya. Na ce Kawu bai taɓa mallakar gida a Ma'adi ba, labule yake kaiwa, kuma na san haka tun ranar da na yi maganar. Na ce na yi ne don ya hana ni kuɗin da zan bi teku. Na roƙi duk wanda ya taɓa ba wani labarin ya koma ya warware.

Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi mini sauƙi. Dattijon nan da ya taɓa cewa a tashe ni a taro ya ce, "Mu mun sani tuntuni. Amma akwai waɗanda suka mutu suna zarginsa. Su wa zai gaya musu?" Liman ya ce Allah Ya karɓi tuba, ya shafa fatiha.

Da yamma Hajja ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"An gaya mini abin da ka yi," ta ce. "Ranar da saƙonka ya zo, sau ɗaya ya saurara. Ya ce in goge. Kwana biyu bai ci abinci ba. Ba maganar gidan ce ta dame shi ba, cewa ya yi, yaron nan da na koya wa ɗaura zariya. Na ce bari in je in same ka, ya hana ni. Ya ce za ka zo da kanka, a bar ka ka zo da ƙafarka. Kullum in ka zo gaisuwa ka tafi, sai ya ce, wataƙila wani zuwan."

Na kasa ɗaga kai.

"Shi ya yafe maka tun a makon, a gabana ya faɗa. Ni ban sani ba tukuna, kada in yi maka ƙarya ina cikin takaba. Ka faɗa a gaban maza, ya yi kyau. Gobe ka zo ka faɗa wa 'yan'uwanka mata. Su ne aka riƙa tambaya a kasuwa yaushe za su tare a Ma'adi."

Washegari na je. Su ukun suna zaune a falon da aka taɓa raba mana da labule. Na faɗa musu duka, ban rage komai ba. Ƙaramar ta tashi ta shige ɗaki. Ta tsakiya ta yi ta kuka. Babbar, wadda muka tashi tare kamar wa da ƙanwa, ta saurare ni har ƙarshe idonta a bushe, sannan ta ce, "Da ka faɗa masa, da ya ji daɗi." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ban ga abin da ya rage a faɗa ba.

Wanda duk ya karanta wannan, in ya san Kawu, ya shaida alherinsa. In bai san shi ba, ya sani cewa an yi wani tela a Hayyin Ashir da aka danƙa wa dukiyar jama'arsa, ya riƙe ta da amana, ya ƙara da guminsa, ɗan da ya tashi a hannunsa ya ɓata masa suna, bai rama ba. Ya Allah Ka jiƙansa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi gida a Aljanna wanda ba mai yi masa gori a kai. Ka ba Hajja da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma Ka yafe mini, Ka sa kada in sake jinkirta gaskiya har mai ita ya tafi. Amin.